A Ce Ga Wata Baiwar Allah

Rabi, ke kika sayo mini wannan littafin rubutu mai baƙin bango, kika ce in riƙa zuba abin da na tuna a ciki tunda ina ƙorafin shiru ya yi mini yawa. To ga shi ina zubawa, kuma yau na iso shekarar da ke da yayanki kuka fi tsana a rayuwata, shekarar da na fara wankan gawa. Kada ki ɗauka ban san abin da kuke faɗa ba. Kun ce Goggo Dije ce ta juya mini kai, ta raba ni da sana'ata da ƙawayena, ta bar ni ina hira da bango a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a nan Ibadan. Rabin maganar gaskiya ce, don bangon nan ya san muryata sarai. Ɗaya rabin kuwa ba haka yake ba, kuma ba na so in tafi in bar ku da shi.

A shekarar ni ce ta ɗaya a ajin matan aure na Islamiyyar layinmu. Babin jana'iza na haddace shi kamar sunana: a fara da alwala, a wanke dama kafin hagu, sau uku ko biyar, a sa kafur a na ƙarshe. In Malam ya yi tambaya, kafin ya rufe baki na ɗaga hannu, har mata suna ce mini sarkin zaƙewa. Sai Inna, kakarku, ta rasu a asibiti da farkon damina. Aka kawo ta gida da hantsi, aka aika a kira Goggo Dije, don duk macen da ta rasu a ɓangarenmu na Sabo ita ke yi mata wanka. Tsohuwa ce siririya, ba miji ba ɗa, a jirgin ƙasa ta zo daga Arewa tun kafin a haife ni, kuma ba wanda ya san garinsu takamaimai. Ta shigo da kwandonta, ta dubi matan da suka cika tsakar gida, ta ce wa za ta zuba mata ruwa. Na miƙe da ƙarfin gwiwata, ni mai hadda. Da aka ɗaga zanen sai na ga ɗinki a cikin Inna an manne shi da filasta, ruwa-ruwa yana tsattsafowa ta gefe, hannunta na dama ya kumbura inda aka yi mata ƙarin ruwa. Wallahi na laluba kaina kaf, ban sami layi ɗaya da ya yi maganar filasta ba. Na tsaya riƙe da buta, ga uwata a gabana, ban san ta inda zan taɓa ta ba.

"Zuba nan," in ji Goggo. "A hankali. Ba ta jin zafi, amma ki yi kamar tana ji."

Kunyar ranar ce ta kai ni ɗakinta bayan sadakar bakwai, ba wanda ya tura ni, ba wanda ya yi mini asiri. Na same ta a bakin ƙofa tana tsince ganyen magarya da masu albasa ke taho mata da shi daga Arewa zuwa kasuwar Bodija. Na ce ina so ta koya mini. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce ke da kike da littafi me za ki samu wajen wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa? Na ce littafin bai san filasta ba. Ta yi dariya har da tari, ta turo mini faifai, ta ce in zauna in taya ta tsinta. Ina jiran ta fara da ɗaya, biyu, uku kamar Malam, sai na ji ta ce:

"A ce ga wata baiwar Allah, amarya ce, wata biyu da biki. Ta rasu da farcen kanti a yatsu goma, an manne su da gam, ruwa ba ya shiga. Maza suna waje sun ce kafin la'asar za a kai ta. Me za ki yi, Asabe?"

"In cire su mana."

"Kin ja ɗaya, ya taho da fata. Sai kuma me?"

Na sunkuya na ci gaba da tsintar ganyen.

"Ina jira," in ji ta. "Ita ma tana jira."

Ba ta ba ni amsa ba, kun ji mugunta! Ta bar ni na tafi gida da amaryar nan a kaina, ina soya waina ina tunaninta, ina wanke-wanke ina tunaninta. Rana ta uku na gangara unguwar Mokola wajen masu gyaran farce, na tsaya ina tambayarsu da guntun Yarabancina, suna yi mini dariya, har suka nuna mini ruwan da ke sakin gam. Na koma da murnata na ce a jiƙa da ruwan ɗumi, a shafa wannan, wanda ya ƙi fita a bar shi kada a ji mata ciwo. Ko madalla ba ta ce ba. Cewa ta yi, to a ce kuma uwar mijin tana tsaye a kanki tana kuka, ta ce kada a taɓa mata hannun amarya. Haka koyarwarta take. In kin yi daidai sai ta sauya abu ɗaya, ki koma farko. In kin yi kuskure ba za ta ce kuskure ne ba, za ta bi ki a kan hanyar taki, sai kuma me, sai kuma me, har ki yi karo da bango da kanki. Wadda risho ya ƙone, in an cuɗa fata za ta saɓule. Wadda ta kwana uku a firjin asibiti gaɓoɓi sun sandare. Ranar da famfo ya ɗauke, rijiya ta yi laka, bokiti ɗaya ne a gidan. Bahaushiya mai auren Bayarabe, dangin miji sun ce a jira ɗansu daga Legas, dangin uwa sun ce yau-yau. Na taɓa fusata na ce, haba Goggo, ki faɗa mini kawai mana! Ta ce kuskuren da na yi a kan tabarmarta ba wanda ya ji ciwo, gara in ƙarar da su a nan. Saboda wannan a ce ɗin nata yaran layi suke kiranta Goggo A-ce, ita kuwa ko a jikinta.

Sau ɗaya ta kore ni. Tana cikin ba ni labarin wata mai ƙaton tabo a baya, sai bakina ya suɓuce na ce, Goggo, wannan ba matar mai naman nan ta bayan masallaci ba ce? Ta ajiye faifan, fuskar nan ba annuri, ta ce a ɗakinta kowace mace sunanta baiwar Allah, in tashi in tafi sai na yi mako. A nan na gane ba ƙirƙira take yi ba. Duk matan nan ta wanke su da hannunta, sunayen kawai ta cire. Da na dawo, ga abin da ta tare ni da shi:

"A ce kin fito daga wanka, wata ta ja ki gefe ta ce, yaya kika ga jikinta?"

"Sai in ce lafiya lau."

"Yau kin ce lafiya lau, don lafiya lau ɗin kika gani. Gobe kin wanke mai abin ɓoyewa, an tambaye ki, kin yi shiru. Me shirun ya gaya musu?"

 Na juya abin, sannan na ce ashe amsa ɗaya za a riƙa ba kowa, ko an ga abu ko ba a gani ba.

"Wace amsa?"

"An yi mata sutura. Allah ya jiƙanta."

Ranar ce kaɗai ta ce mini madalla. Akwai kuma wata tambayar da take yawan dawowa da ita har ta gundure ni: a ce ke kaɗai ce a ɗakin, ba mai zuba miki ruwa, ba mai taya ki juyawa. Mun yi ta ya fi sau goma. Ta sa na gwada da filo, yadda zan tokare baya da gwiwata, in riƙe buta da hagu, in yi wanka da dama a ƙarƙashin zane. Na ce yaushe za a rasa mai zuba ruwa a Sabo, inda mutuwa ɗaya ke tara mata ɗari? Ta ce ita dai ta ce a ce.

Tsakiyar damina aka yi hatsari a hanyar Ojoo, motar da za ta Arewa. Aka kawo wata mata unguwa, ba wanda ya san ta, sai dai an ji ta tana Hausa kafin ta cika. Gwiwar Goggo ta kumbura ranar, ta ce in je. Ladidi ce ta bi ni ta zuba mini ruwa. Kun san Ladidi, aminiyata tun muna tallan gyaɗa, ɗakinta yana kallon nawa, zane iri ɗaya muke ɗinkawa duk salla. Da muka buɗe matar Ladidi ta yi salati ta ja da baya, don hannu ya karye biyu, kai ya fashe ta gefe. Ni kuwa, ikon Allah, ban rikice ba. Na riga na haɗu da wannan matar sau uku a kan tabarmar Goggo, na yi kuskure a kanta na gyara. Na yaga ƙyalle na ɗaure inda ke zuba, na kwarara ruwa ba cuɗawa, na miƙar da hannun a hankali na lulluɓe. Muka fito, Ladidi ta rungume ni ta ce, ke ƙawa, yaushe kika zama haka? Na yi kuka ranar, amma na Inna ne, don da na san wannan tun farko da ban tsaya mata kamar gunki ba.

Daga nan aka fara aikowa a kira ni, daga nan kuma masu sayen waina suka fara raguwa. Ba wanda ya faɗa mini a fuska. Sai dai in ga wadda ta saba tsayawa ta gaishe ni daga nesa ta wuce gaba. Iya Basira, Bayarabar da ke aiko da kwano kullum da safe, ta ce mini pele, wato sannu da yarensu, likita ya hana ta mai. Na gan ta washegari tana sayen ƙosai a tsallake. Babanku, Allah ya jiƙansa, bai hana ni ba, ya ce in lada nake nema in je, shi dai tuwonsa kada ya ji ƙanshin kafur. Wasa yake yi, kuma har ya bar duniya bai taɓa ture kwanona ba. Ke ce kika ture, Rabi. Kina shekara sha biyar, na kai miki abinci makaranta ranar da kika manta, kika fito bakin ƙofa kina waige-waige.

"Abeg Mama, don Allah ki daina zuwa nan. Suna cewa da hannun da kike wanke gawa kike dafa mana."

Zuciya ta ɗebe ni na ɗaga hannu zan mare ki, kika kauce. Na ga idonki. Ba marin kika guje wa ba, hannun kika guje wa. Na sauke shi na juyo da kwanon, na taka da ƙafa tun daga can har Sabo, don ban yarda in shiga mota a ga ina hawaye ba. Ban taɓa gaya miki yadda abin ya yi mini ciwo ba. Yau na faɗa, kuma na yafe tun ranar.

Yanzu sai in zo kan Goggo kanta. Shekara da shekaru ana gulmarta a unguwa. Ba a taɓa ganinta ba riga mai dogon hannu ba, komai zafi. Ba ta wanka sai ta tabbata banɗakin gidan hayarsu ba kowa a kusa. Wasu su ce kuturta ce, wasu su ce layu ne aka ɗinke mata a fata, wasu su ce abin da ya koro ta daga garinsu yana rubuce a jikinta. Mata suna cewa a fili, ranar da ta mutu dai za a gani. Ƙarshen damina na je na same ta a kwance, muryarta ƙasa-ƙasa, ga zikirin la'asar yana tashi daga zawiyar bayan gidansu. Na ce yau a huta da tambaya. Ta ce a'a, saura ɗaya.

"A ce ga wata baiwar Allah, tsohuwa, ba ta da kowa a garin. Akwai abin da ta rufe tun tana budurwa, ta rufe shi da kyau. Mata sun cika tsakar gida, kowace tana so ta zuba ruwa. A cikinsu har da wadda kika fi so a duniya. Me za ki yi?"

"Sai in shiga da wadda na yarda da ita."

"Kin shiga da ita. Mutuniyar kirki ce. Tana da miji, tana da ƙanwa, ita ma tana da wadda ta yarda da ita. Sai kuma me?"

Na dube ta, ta kawar da kai tana kallon bango. Sai a lokacin na gane dalilin filon nan da ta sa na yi ta juyawa. Na kama hannunta ta saman rigar, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Ranar Juma'a da hantsi ta cika. Kafin in iso gidan ya cika maƙil, har da matan da ba su taɓa kai mata ko ruwan sha ba. Na ɗebi ruwana bokiti biyu na shigar, na dawo zan ja ƙofa, sai ga Ladidi ta ɗaura ɗamara ta ɗauki buta.

"Muje, ƙawa."

"Ni kaɗai zan shiga."

"Ke kaɗai kamar yaya? Wa zai zuba miki?"

"Zan iya."

 Na karɓi butar daga hannunta a gaban kowa, na shiga na sa sakata. Goggo ba ta da nauyi, Allah sarki, kamar ɗaurin itace. Na tokare ta da gwiwata, buta a hagu, dama a ƙarƙashin zane, yadda ta koya mini. Na ga abin da na gani. Na wanke shi a hankali kamar tana ji, na sa mata kafur, na naɗe ta, ban buɗe ƙofa ba sai da na ɗaure likkafani. Ba zan rubuta shi a nan ba, kuma kada ku tambaye ni, ba nawa ba ne.

Bayan an kai ta Ladidi ta biyo ni har ɗaki ta rufo ƙofa.

"Asabe, kin kunyata ni a gaban mata, na haƙura. Yanzu mu biyu ne. Mene ne a jikinta?"

"An yi mata sutura. Allah ya jiƙanta."

"Ni ce fa! Ni na riƙe ki ranar da kika haifi Rabi. Akwai abin da na taɓa ɓoye miki?"

"Babu."

"To?"

"Allah ya jiƙanta, Ladidi."

Sai ta ce ashe haka na ɗauke ta, mai sakin baki. Ta fita. Sallar da ta zo ta ɗinka zanenta ita kaɗai. Ba mu yi faɗa ba, da ma faɗan muka yi da ya fi sauƙi. Gaisuwa ce kawai ta rage, ina kwana, lafiya lau, ɗakinta yana kallon nawa shekara goma sha wani abu. Sauran mata suka bi bayanta, suka ce ina da girman kai, na gaji halin Goggo. In ana hira na iso sai a sauya magana. Biki a manta da ni, mutuwa a aiko tun ban karya ba. Na ji kaɗaici, Rabi, ba zan yi miki ƙarya ba, har yau ina jin sa. Akwai ranakun da na tsaya a bakin ƙofata da maganar a kan harshena, in faɗa mata ko rabi ne mu koma yadda muke. Sai in ji muryar tsohuwar nan tana cewa, sai kuma me?

Da ciwon ajali ya kama Ladidi, babbar 'yarta ta zo ta durƙusa a nan inda nake rubutun nan. Ta ce Mamanmu ta ce in ta rasu ke za ki yi mata wanka, kuma ta ce ke kaɗai, kada kowa ya shiga. Na shiga ni kaɗai. Da na fito ƙanwarta ta ja ni gefe, na ba ta amsar da na ba Ladidi.

Yanzu duk Asabar mata shida ke zuwa wajena, in an yi ruwan sama, huɗu. 'Yan boko ne, haihuwar Ibadan, suna amsa mini da Hausa su ƙarasa da Yarabanci, wata ma da wayarta take ɗaukar muryata. Malam yana ba su babin a Islamiyya, kuma babin gaskiya ne, ba na raina shi. Ni nawa a ce ne. Ina ba su matan da na wanke ba suna, in bar su su yi karo da bango a kan tabarmata. Sun iya, har sun fi ni sanin abin da ke sakin gam. Saboda haka ba tsoron rasa mai wanka nake yi ba.

Saura ɗaya, kuma wannan taki ce, don ba zan iya faɗarta a waya ba. Tawa ce, ina da ikon buɗe ta.

A ce ga wata baiwar Allah a Sabo, mijinta ya rasu, ɗanta yana Abuja, 'yarta tana aiki a Legas. Bara ta ce musu ta tafi Ilori biki na mako biyu, alhali tana asibiti an cire mata nono na hagu, ɗalibarta ɗaya ce ta yi jinyarta ta kuma riƙe bakinta. Watan jiya likita ya ce abin ya dawo. A ce wata rana da hantsi an kira 'yar a waya, ta kamo hanya ta iso. Kafur yana cikin gwangwani a ƙarƙashin gado, likkafani yana ƙasan akwati, an wanke an goge. Ba a ce ta yi wankan ba, akwai masu yi. Buta kawai za a miƙa mata, a ce wa za ta zuba wa tsohuwar nan ruwa. Hannun nan da ta kauce wa yana nan a ƙarƙashin zane, ta dama za a fara.

Me za ta yi?

Ba zan ba ki amsa ba, Rabi, ba haka aka koya mini ba. Ina jira.